"Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa": Wa Zai Biya Kuɗin Asibitin Manomi?



Batun da na ɗauko yau ba ya cikin waɗanda muka saba tattaunawa, kuma na san da jin sunansa wasu za su ce wannan ai aikin likitoci ne da masu kwamfuta. Magana ce a kan manhajar da asibitoci ke lissafin kuɗin magani da ita, da yadda ake matsa musu su riƙa tura takardar neman biyan kuɗinsu ga hukumomin inshorar lafiya ta intanet maimakon a takarda. Ku ɗan yi haƙuri da ni. A ƙarshen wannan lissafi akwai mace mai naƙuda daga wani ƙauyen Kafur, akwai yaro mai zazzaɓi daga Bakori, kuma abin da kwamfuta ta yanke a kansu shi zai nuna ko mijin matar zai sayar da buhunan masararsa ko zai bar su a rumbu.

Matsayina a taƙaice shi ne: komawa tura takardun neman biya ta intanet abu ne mai kyau, kuma ba makawa sai an yi shi. Amma in aka ɗauko manhajar da aka ɗinka wa asibitin Abuja ko Legas aka ce dole sai asibitin Funtua da Malumfashi sun sa ta yadda take, to talakan da aka ce an yi tsarin dominsa shi zai fara faɗuwa. Manhajar ce ya kamata a gyara ta dace da mu.

Bari mu fara da yadda kuɗin ke tafiya, don sai an gane shi sauran maganar za ta zauna.

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shirin NHIS ya fara aiki a 2005, kuma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin waccan, ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma ɗora wa hukumar alhakin samar da tsarin kwamfuta da zai haɗa bayanan shirye-shiryen lafiya na ƙasar. A nan Katsina muna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KTSCHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta wannan asusu ne ake yi wa marasa ƙarfi rajista a asibitocin mazaɓu. Duk da haka, zuwa tsakiyar 2025 waɗanda ke cikin inshora a faɗin Najeriya ba su wuce kimanin miliyan 20 ba, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai-tsaye.

Hanya biyu ake biyan asibiti. Ta farko ita ce kuɗin kai: duk wata ana ba asibiti wani adadi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, don a duba shi a kan ƙananan cututtuka. Ta biyu ita ce biyan aiki: in abin ya girma, kamar tiyatar haihuwa ko kwanciya mai tsawo, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin inshora ko hukuma, ya yi aikin, sannan ya rubuta takardar neman biya. A cikinta zai faɗi wane ne majinyacin, mece ce cutarsa, me aka yi masa, wane magani aka ba shi, nawa ne kuɗin. Mai tantancewa ya duba, ya biya, ko ya zaftare, ko ya ƙi gaba ɗaya. Wannan takarda ta biyu ita ce ake mayarwa cikin kwamfuta, kuma a nan ne rigimar take.

Kafin in soki komai, bari in ba sabon tsarin haƙƙinsa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kati na babban asibiti ya san halin da takarda ke ciki: fayil a kan fayil, gara ta ci wasu, yoyon damina ya jiƙa wasu. Takardun neman biya na wata guda sai a cika kwali da su, a ba wani ma'aikaci ya hau mota ya kai Katsina ko Kaduna, a zauna ana jira watanni. In an zaftare kuɗi ba wanda zai gaya maka a kan wane majinyaci aka zaftare. Sannan takarda ba ta da bakin musu. Ana iya rubuta sunan wanda bai taɓa zuwa asibiti ba, ana iya neman kuɗin tiyata ɗaya sau biyu, ana iya rubuta maganin da ba a bayar ba. Kuɗin da aka sace ta wannan hanya na masu biyan gudummawa ne, malamin firamare da masinja da ake yankar albashinsu. Kwamfuta tana iya kama irin wannan cikin ƙiftawar ido. Don haka masu cewa a bar mu da takardarmu ba ni tare da su. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Matsalar tana cikin abin da manhajar ta ɗauka cewa kowa yana da shi.

Abu na farko, ta ɗauka akwai sabis koyaushe. Mu 'yan wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Funtua, Malumfashi, Bakori, Faskari, Dandume, Sabuwa da Ƙanƙara, kuma sai wajen ƙarshen shekarar aka fara dawo da su. Mutane sai sun yi tafiya zuwa inda sabis ke kamawa kafin su kira ɗan'uwa. To a ce a lokacin duk asibitocin nan ba sa iya tabbatar da rajistar majinyaci ko neman lambar izini sai ta intanet, me zai faru da mai ɗauke da katin inshora? Amsar a bayyane take: za a ce ya biya da kuɗinsa, ko ya tafi. Ko ba a katse layi ba, wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, kuma hadari ɗaya ya isa ya ɗauke sabis na yini.

Wani zai ce ai yanzu ko a kasuwar Dandume masu POS sun cika ko'ina, dillalan hatsi na tura miliyoyi ta waya, me zai hana asibiti? Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce cewa mutanenmu ba sa gudun fasaha in ta yi musu amfani. Sai dai mu tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda mutum zai tura kuɗi a cire a asusunsa amma bai isa ba. Mai sayen masara zai iya jira zuwa gobe. Matar da jini ya ɓalle mata ba za ta iya ba. Shi ya sa sharaɗin farko ga kowace manhaja da za a kawo nan shi ne ta yi aiki ba tare da intanet ba: ta adana jerin sunayen masu rajista a cikin kwamfutar asibitin, a shigar da bayani, in sabis ya dawo ta tura. Wannan ba mafarki ba ne. Ghana, wadda ta kafa inshorar lafiyarta ta ƙasa a 2003, tana da manhaja mai suna CLAIM-it da asibiti ke shirya takardun neman biya a cikinta ko babu intanet, daga baya ya aika. In asibitin ƙauye a arewacin Ghana ya iya, namu ma zai iya.

Abu na biyu, kuma wanda ya fi kusa da mu marubuta, shi ne suna. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammadu da Muhammad da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Hauwa'u ita ce Hauwa ita ce Kulu ba. Wasu manhajojin ma da sun ga waƙafin sama da ke cikin Hauwa'u ko Isma'il ko Sa'adatu sai su ce akwai kuskure, balle ɗ da ƙ da ɓ. Mace tana da sunan mahaifinta a katin NIN, sunan mijinta a katin asibiti. Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba an rubuta masa 1 ga Janairu a wannan ofis, an rubuta wata ranar daban a wancan. A zamanin takarda, mai yankan kati ya san gidansu, ya kalli fuskarsa ya wuce da shi. Manhaja kuwa in harafi ɗaya ya saɓa sai ta ce ba ta san shi ba, a ƙi biyan asibiti. Maganin shi ne a jingina tantancewa a kan lamba, ta rajista ko ta NIN, suna ya zama abin dubawa na biyu, kuma a ba wani jami'i a matakin ƙaramar hukuma ikon gyara irin wannan saɓani, ba sai an tafi Katsina ba.

Abu na uku shi ne lambobin cuta. A sabon tsari ba a wadatu da likita ya rubuta "maleriya" da hannu ba, sai an sa lambar cutar daga kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda ake kira ICD. A bugu na 10, zazzaɓin cizon sauro yana tsakanin B50 zuwa B54. B50 shi ne nau'in falsifarum da ya fi yawa a ƙasarmu, B54 kuma wanda ba a tantance nau'insa ba. Taifod A01.0 ne, sikila D57, dafin maciji T63.0, gubar maganin feshi T60. Ku dubi waɗannan na ƙarshe da kyau, domin cututtukan gona ne. Yankin da ake noman masara, dawa, auduga, waken suya da shinkafa, inda matasa ke goya tankin feshi ba safar hannu ba takunkumi, inda ake shiga ciyawa da sassafe, dole manhajarsa ta sa waɗannan lambobi a gaba-gaba. Ma'aikacin lafiya a asibitin mazaɓa da layi ya cika masa baranda a watan Agusta ba shi da lokacin laluben lamba cikin dubbai. In ya gaji zai riƙa danna lamba ɗaya ga kowa, sai a sami ɓarna biyu: a ƙi biya saboda maganin da aka bayar bai dace da cutar da aka rubuta ba, sannan alƙaluman da gwamnati za ta yi tsari da su su fito a karkace.

Kuma kundin kansa ba a tsaye yake ba. Bugu na 11 ya fara aiki a duniya tun Janairun 2022, lambobinsa kuma daban ne; maleriyar da take B50 ta koma 1F40. Ƙasashe na komawa kansa a hankali. Amurka, da duk arzikinta, sai 1 ga Oktoban 2015 ta koma bugu na 10 bayan ɗage ranar sau da dama. Darasin shi ne duk asibitin da zai sayi manhaja yau ya tambayi mai sayarwa: in lambobi sun canza, sai na sake biyan ka ko kuwa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na huɗu shi ne farashi. A tsakiyar 2024 NHIA ta ƙara kuɗin kai da kashi 60 cikin 100, na biyan aiki da kashi 40. Daga Afrilun 2025 aka sake ƙari, kuɗin kai ya tashi zuwa naira 1,450 daga 750 da aka daɗe ana biya, na biyan aiki kuma ya nunnunka. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitoci. Amma a cikin wata tara farashi ya canza sau biyu. Manhajar da aka gina farashi a cikin jikinta, wadda sai an kira injiniya daga Kano kafin a canza, za ta ci gaba da tura tsohon farashi asibiti ya yi asara, ko ta sa sabon farashi a kan aikin da aka yi kafin ƙarin a ƙi biya. Kamata ya yi jadawalin farashi ya zama abin da ake saukewa, manhaja kuma ta duba ranar da aka yi aikin ta zaɓi farashin da ya dace. Ga kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani da ma'aikaci ke biya da kansa a shirin tarayya; in lissafinsa ya kauce, a gaban taga ake cacar baki.

A daidai wannan lokaci NHIA ta umarci kamfanonin inshora su riƙa bayar da lambar izini cikin awa ɗaya. Umarni ne mai kyau, amma ba zai yi aiki ba sai in akwai shaidar lokacin da aka nema da lokacin da aka amsa. Manhaja ce kaɗai za ta iya riƙe wannan shaida. Kun ga ke nan, in an gina ta daidai, makami ce a hannun asibiti da majinyaci.

Abu na biyar shi ne yawan ƙofofi. Asibiti ɗaya a Funtua yana iya karɓar ma'aikacin tarayya, ma'aikacin jiha, ma'aikacin banki mai kamfanin inshora na daban, da talakan da aka yi wa rajista kyauta. In kowane mai biya ya zo da shafinsa da fom ɗinsa da lambobinsa, yarinya ɗaya ce a ɗakin lissafi za ta shigar da bayani iri ɗaya a wuri huɗu. Babban asibitin kuɗi zai ɗauki ma'aikata biyar ya wuce wurin. Ƙaramin asibiti mai gado goma sai dai ya ce ya daina karɓar inshora. Aikin hukuma ne ta fitar da tsarin bayani guda ɗaya, a buɗe, da kowace manhaja za ta bi, yadda matashin da ya koyi rubuta manhaja a Zariya ko Katsina zai iya gina wadda ta dace da asibitocinmu, ba sai kamfani ɗaya ya riƙe wuyan kowa ba.

Ga wanda ke ganin ina zuzuta abin, ya dubi Kenya. A Oktoban 2024 sun rufe tsohuwar hukumar inshorarsu ta NHIF suka buɗe sabuwa mai suna SHA da sabon tsarin kwamfuta. A makonnin farko tsarin ya riƙa tsayawa, aka yi ta ba da rahoton majinyata, har da masu wankin ƙoda da masu ciwon daji, da aka ce su biya da kuɗinsu. A Amurka kuma, a Fabrairun 2024, masu kutse sun afka wa kamfanin Change Healthcare wanda ɗimbin takardun neman biya ke bi ta cikinsa, asibitoci da kantunan magani suka yi makonni kuɗinsu a maƙale. Wannan na biyun ya tuna mana wani abu: bayanin ciwo sirri ne. A garin da kowa ya san kowa, in bayanin mai cutar ƙanjamau ko matar da ta yi ɓari ya fita daga kwamfutar da ma'aikata shida ke amfani da kalmar sirri ɗaya, aure na iya mutuwa. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ta hau kan asibitin Malumfashi kamar yadda ta hau kan banki a Legas.

To ina nauyin ke sauka in takardar neman biya ta dawo? Asibiti ba ya buga kuɗi. In an ƙi biyan sa sau ɗaya, sau biyu, zai koyi darasi, kuma majinyaci na gaba zai ji ɗaya daga cikin jimlolin da muka haddace: "Babu sabis." "Sunanka bai fito ba." "Wannan maganin ba ya cikin tsari, je ka saya a waje." Manomi ba shi da albashin wata. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka, kuma lokacin da maleriya ta fi tsananta, daga Yuli zuwa Oktoba, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, an zuba komai a taki da noma. A nan ne ake sayar da tunkiya a wulaƙance, ko a ci bashin da za a biya da buhu. Mutumin da ya yi rajista aka kuma juya shi a ranar da ya fi buƙata ba zai sabunta ba, zai kuma gaya wa duk majalisarsu cewa inshora yaudara ce. Ta haka kuskuren harafi ɗaya ke rusa amanar da aka yi shekaru ana ginawa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema daga masu ruwa da tsaki. A ba da wa'adin sauyi na gaskiya, a bar takarda da kwamfuta su yi tafiya tare na wasu watanni kafin a rufe ƙofar takarda. Duk takardar da aka ƙi biya a faɗi dalili a fili, a ba da damar gyara a sake turawa. Manhaja ta riƙa duba kuskure tun kafin a aika. A sa sola da horar da ma'aikatan ɗakin kati cikin kasafin sayen manhaja, kada a kawo kwamfuta a ɗauki hoto a tafi. Makarantun da ke yaye ma'aikatan lafiya a jiharmu, irin na Kankiya da Daura da makarantar ungozoma ta Malumfashi, su ba koyar da lambobin cuta da cike takardar neman biya muhimmanci. A kafa ƙa'idar da ba ta da togiya: gaggawa a fara magani, lamba ta biyo baya. Sannan majinyaci ya riƙa samun saƙon waya da Hausa yana gaya masa abin da aka nema da sunansa da abin da ya rage a kansa. Wannan saƙo kaɗai zai toshe ƙofar ƙarya fiye da mai bincike goma.

A wannan na ƙarshe ne muke da aiki, 'yan uwa. Wa zai rubuta wancan saƙon da Hausar da tsohuwa a Danja za ta gane in jikanta ya karanta mata? Wa zai zaunar da kalmomin, yadda kuɗin kai da biyan aiki da lambar izini za su zama abin da ake faɗa a rediyo kowa ya fahimta? Mutanenmu ba za su iya neman haƙƙin da ba su san sunansa ba. Muna yawan rubuta jarumar da aka kwantar a asibiti, amma ba kasafai muke bin mijinta zuwa tagar biyan kuɗi ba, alhali a nan ne ake yanke hukuncin rayuwar gidaje da yawa. Duk wanda ke da ɗan'uwa ma'aikacin ɗakin kati ko lissafi, ya zauna da shi ya tambaye shi takarda nawa aka dawo musu da ita a watan jiya, kuma saboda me. Abin da zai ji ya isa muƙala, ya isa rahoto.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a abin da muka shuka. Sai mako na gaba in Allah Ya kai mu.